'Ya'yan Kaɗanya Talatin da Huɗu

Daren Laraba, an idar da sallar isha'i ke nan, na ji wani abu yana shaƙewa a bayan bangon ɗakina.

Ba kukan akuya ba ne, ba kuma na mutum ba. Sai ya ja dogon numfashi, shiiii, ya tsaya, ya yi ƙwaƙ-ƙwaƙ-ƙwaƙ kamar kaza ta haɗiyi tsakuwa, sannan ya sake ja. Ni kuwa na ji abubuwa a duniya. Na taɓa jin kada yana tari. Na taɓa jin tulu yana waƙa shi kaɗai bayan an ɗauke ruwan sama. Amma wannan ban san shi ba.

Sunana Neindoo, ko da yake a unguwarmu Sakasaka, in ban da tsararrakina, ba mai kirana sai da Yaba, wato Kaka. Ɗakina yana jingine da ɗakin ajiyar Sanatu, 'yar wana marigayi, wadda duk Tamale aka san ta da man kaɗe. Na jawo takalmina na zagaya.

Lamnatu, 'yar riƙon Sanatu, na tarar durƙushe a gaban sabon injin buga takardu, takardu sun zubo mata har cinya. Sanatu tana tsaye a bakin ƙofa, ta rufe baki da gefen mayafi.

Na ɗauki takarda ɗaya na kai kusa da fitila. Kore ya shiga cikin rawaya, rawaya ya gangaro kan rubutu, duk takardar tana maiƙo kamar an naɗe ƙosai da ita. Ni dai kyau ta yi mini. Kamar sararin sama ne a idon mai zazzaɓi. Na sa ta a aljihu.

"Goggo," in ji Lamnatu, ba ta ɗaga kai ba, "me kika yi masa?"

"Ni? Me zan yi masa?"

"Lafiya lau na bar shi na shiga sallar magariba."

"Lafiya ina? Tun azahar yake ƙii-ƙii kamar ƙofar bayi. Ke ba ki da kunne ne? Duk abin da ya yi kuka a gidan nan, ƙofa ce, injin niƙa ne, jariri ne, me muke yi masa?"

Lamnatu ta ɗago a hankali.

"Man kaɗe kika shafa masa."

"Ɗan kaɗan. A kan abubuwan nan masu juyawa. Kuma ba na kasuwa ba, na farkon tukunya na ɗebo masa."

Lamnatu ba ta yi ihu ba. Ta kashe injin, ta sa fuska a tafin hannu. Kafaɗunta suka fara rawa, har yau ban san ko kuka ne ko dariya ba.

* * *

Lamnatu 'yar ƙanen Sanatu ce. Tun tana shekara biyar aka miƙa ta ga goggonta yadda aka saba, kuma wadda ta raine ki ita ke da bakin aurenki. Yanzu shekararta ashirin da tara. Ita ce idon sana'ar. Ita ke awo, ita ke amsa waya, ita ke hawa babur ta kai kaya kasuwar Aboabo. Mata arba'in ke murza mai a tsakar gidan nan. Ni matata nake ce mata, ita kuma ta ce ba ta auren mai haƙori huɗu.

Shekara ashirin da biyu, takardar da ake liƙawa a jikin robar man daga hannun Mba Wumbei, wato Baba Wumbei, take fitowa, mai maɗaba'ar da ke gida na biyar daga namu. Launinta ɗaya, kore: itacen kaɗanya, sai sunan Sanatu a ƙasa. Shi ya sassaƙa itacen a jikin katako tun idonsa na gani. Da yanar ido ta rufe masa gani, ɗansa Fusheini ya karɓi aikin.

Duk Alhamis ɗin farkon wata, Fusheini zai shigo da ƙunshin takardu a kafaɗa, ya durƙusa ya gaida Sanatu, ya miƙa wa Lamnatu ta duba. Dubawar nan ba ta taɓa yin sauri ba.

Yau saura wata biyu a cika shekara uku da dattawan gidan Wumbei suka kawo goron gaisuwa, suna nema wa Fusheini auren Lamnatu. Sanatu ta karɓa, ta ce a yi haƙuri sai sana'a ta tsaya da ƙafarta. Ta kuma hana su zance, wai ba ta son surutun unguwa. Aka yi haƙuri.

A aji uku na bar makaranta, amma ina son abin da aka buga. Akwati guda gare ni cike da takardu: ta ashana, ta kifin gwangwani, ta maganin tsutsa mai hoton mutum yana dariya. Shi ya sa ni na fara lura. Wata rana na jera takardun Sanatu na wata shida a kan tabarma, sai na ga 'yan fararen ɗigo a cikin ganyen itacen, kuma kowane wata ɗaya na ƙaruwa.

Aikin Fusheini ne. Kafin ya buga, sai ya sa tsinin wuƙa ya ƙwaƙule ɗan rami a jikin katakon. Inda aka ƙwaƙule tawada ba ta kamawa. Wata ɗaya na jira, ɗan kaɗanya ɗaya. Ashe abin da Lamnatu ke tsayawa dubawa ke nan. Ranar da na nuna mata na gane, ta ce in na faɗa wa wani sai ta zubar mini da sauran haƙoran.

Na watan jiya talatin da huɗu ne.

Sai Yamusa ya shigo. Ɗan kasuwa ne mai kai kaya kudu, matarsa ta rasu bara waccan. Ba shi da hayaniya, ban kuma taɓa jin ya cuci kowa ba, wannan ya fi komai ba ni haushi. Ya samo wa Sanatu wani babban kanti a Akra da zai riƙa ɗaukar roba dubu uku duk wata, amma sai da takarda mai launi, mai ɗauke da ranar da aka dafa man da lambar tukunyarsa. Katakon Wumbei kuwa ba ya canja rana.

Yamusa ya ce a daina kai aiki waje, a riƙa bugawa a gida. Ya kawo injin a bayan motarsa naɗe da bargo, da kwamfuta, da wani mutumin Tema da ya kwana biyu yana koya wa Lamnatu. Sanatu ta tambayi kuɗinsa. Ya yi murmushi.

"Mma, ai kayan gida ɗaya ba a yi musu kuɗi."

Washegari goronsa na neman auren Lamnatu ya iso.

Sanatu ba ta raba shi ba, ba ta kuma mayar ba. Yana ƙarƙashin gadonta cikin ganye, kullum safiya tana yayyafa masa ruwa. Ta ce wa Yamusa ya zo Juma'a ya ji amsa. Motar kaya kuma da asubar Asabar za ta tashi.

* * *

Da safiyar Alhamis na sami Lamnatu zaune a kan turmi, koko ya huce a gabanta. Ta riga ta kira mutumin Tema. Ya ce sai Litinin.

Na zauna kusa da ita na rage murya.

"Matata, ki bar shi ya mutu."

"Yaba."

"Saurara mana. In ya mutu, kaya ba su tafi ba. In kaya ba su tafi ba, mai mota ba shi da abin da zai riƙe goggonki da shi. A haɗa masa injinsa da goronsa a bargo ɗaya. Allah ne ya sa hannun Sanatu cikin man nan."

"Ka ɗauka ban yi wannan tunanin ba? Jiya har dariya na yi a cikin matashi. Na ce Allah ya kashe shi murus."

"To?"

Ta nuna tsakar gida da haɓa. Matan sun riga sun sunkuya a kan kwanoninsu, hannu ya nutse har gwiwa, suna murzawa suna bugawa, farin kumfa na tasowa. Ba wanda ya faɗa musu komai.

"Dubi Balchisu. Wata uku hannunta bai huta ba, har ta gaya wa 'yarta bana za ta koma makaranta. Dubi Mma Tipagya, da ƙafa take zuwa tun daga unguwar Choggu. Jiya Goggo ce ta lalata shi, ba ta sani ba. Yau in na bar shi, ni na kashe shi, don na san wanda zai iya tashinsa."

Ba mu ji takun Sanatu ba sai da ta yi magana. Idonta ya kumbura.

"Wa zai iya?"

Lamnatu ta dube ta. Sanatu ta kau da kai.

"Ni dai ban yi miki dole ba. Tun kina ƙarama ban taɓa yi miki dole ba."

"Haka ne, Goggo."

"Amma ki gaya mini. In kayan nan suka shiga Akra da takardar injinsa, da wace fuska zan mayar masa da goro?"

"Da wace fuska kika riƙe na wasu shekara uku?"

Sanatu ta dafe ƙirji. Ta zauna a ƙasa, ita da ba ta zama sai a kujera.

"Faɗi. Faɗi duka, na cancanta. Huɗu na haifa, huɗu na binne, sai aka kawo mini ke da ɗan zane ɗaya da ƙuraje a ka. Duk lokacin da na ce bana zan sake ki, sai in ga gidan nan babu ke, in kasa. Ba sana'a ba ce, Lamnatu. Ƙarya na yi musu. Tsoro ne."

"Goggo, tashi, suna kallo."

"Shi Yamusa ya ce a nan za ki ci gaba da aiki, kullum zan gan ki. Ni tsohuwa ce, na ji daɗin maganar. Sai ga shi da hannuna na je na..." Ta duba tafin hannunta kamar na wani ne. "Taimakon injin na yi niyya. Kuka yake yi."

Lamnatu ta share mata hawaye da bakin zane. Sannan ta miƙe ta gyara ɗankwali.

"Yaba, zo ka raka ni."

* * *

Maɗaba'ar Wumbei tana warin kananzir da tsohuwar tawada, warin da na fi so a duniya bayan na ƙasa in an yi yayyafi. Babban injinsa na ƙarfe, mai takawa da ƙafa, yana tsaye an rufe shi da buhu. Masu katin biki da masu takardar rasuwa duk sun koma wajen masu kwamfuta. Aikin Sanatu ne kaɗai ya rage mai zuwa duk wata.

Wumbei yana zaune a bakin ƙofa da sandarsa. Fusheini yana ciki yana jera haruffan da ba mai nema.

"Takun Neindoo na ji, da ƙanshin man kaɗe," in ji Wumbei. "Yau Alhamis. Takardu kuka zo karɓa? Ai ba a ba mu aiki ba."

Lamnatu ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Ya amsa a taƙaice.

"Mba, roƙo na zo yi."

Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Da ta kai kan man kaɗen, Wumbei ya tuntsire da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Man kaɗe! Kai, Sanatu! Da ta ƙara masa daddawa, ta yi mana miya."

Sai dariyar ta ɗauke kamar an hure fitila.

"Shekara ashirin da biyu. Lokacin da take talla a ƙwarya, ni na ce mata ta sa suna a jikin kayanta. Kwana tara ina sassaƙa itacen nan. An ɗauke shi an aika wa wani a Akra ya yi masa kwalliya, ko a turo a ce, Wumbei, ga abin da ake ciki. A bakin mai koko na ji. Yanzu kuma ɗana ake so ya je ya ba abin nan ruwa."

"Mba, ba don Goggo ba. Don matan."

"Ni ma ina da ciki, 'yata." Ya juya kai wajen ɗakin. "Fusheini, kana ji?"

"Ina ji, Mba."

"Ga Neindoo shaida. Ranar da hannunka ya taɓa abin nan, wallahi tallahi na cire hannuna daga neman aurenka. Sai ka nemi wani uban da zai kai maka goro."

Muka yi sallama muka fito.

Ba mu kai gindin dalbejiyar da ke kwanar layi ba sai ga Fusheini a bayanmu. Na matsa gefe na tsaya ina kallon wani ƙadangare mai jela biyu da na daɗe ina bibiya. Amma kunnena bai matsa ba.

"Kin san abin da kika zo roƙo?"

"Na sani."

"Faɗa mini da bakinki in ji."

"In ka gyara, kaya za su tafi, Goggo ta raba goron Yamusa. In ka gyara, Mba zai janye."

"In ban gyara ba fa?"

Ta sunkuyar da kai.

"In ban gyara ba, ke tawa ce. Faɗi mana."

"Ni taka ce. Kuma duk safiyar duniya sai na wuce ta gaban matan nan na gaishe su, sun amsa mini, ba su san abin da na yi ba."

"To me ya kawo ki? Da kin zauna a gida! Wata talatin da huɗu na yi ina jira, Lamnatu, ke kwana biyu kacal aka ce ki yi shiru. Kwana biyu!"

"Na gwada." Muryarta ta karye. "Wallahi na gwada. Na zauna a kan turmi na ce ba inda za ni. Sai Balchisu ta ɗago ta ce mini, Lamnatu, wai gaskiya ne har da shuɗi a sabuwar takardar? Tana dariya, Fusheini. Haƙoranta duk a waje."

"Ki ce masa ba kya so. Ai ke ba yarinya ba ce."

"In ce ba na so, ina cin abincin injinsa? Tawadarsa ma ba a sayar da ita a garin nan, shi ke kawowa. Ranar da na ce a'a, ba zai yi faɗa ba. Zai yi murmushi ya ce ba komai. Wata mai zuwa sai mu ji tawada ta yi wuyar samu."

"Kina son sa?"

Ta ɗago ta dube shi, hawaye na bin kuncinta har haɓa.

"Ni kake tambaya? Ni da nake ƙirga ramukan katako kamar mahaukaciya? Ka san sau nawa na ɓoye takardarka a cikin zane na shiga bayi don in ƙirga ba mai gani?"

Fusheini ya juya mata baya. Ya dafa itacen da hannu biyu, ya jingina goshi.

"Ki ce kar in zo. Kalma ɗaya. Ki ce, Fusheini, kar ka zo, in koma in zauna kusa da ubana."

Ta buɗe baki. Ƙadangarena ya gudu ban ma lura ba.

"Na roƙi Mba, ya hana," ta ce daga ƙarshe. "Kai ba zan roƙe ka ba. Ba kuma zan hana ka ba. Ba ni da ƙarfin ko ɗaya."

Ta wuce da sauri, mayafinta na jan ƙasa.

* * *

Bayan azahar, lokacin da Wumbei ke ɗan kishingiɗa, Fusheini ya yi sallama a ƙofar gida. Ba ƙunshin takardu a kafaɗarsa. Auduga ce a hannunsa, da 'yan ƙarafan kwance, da kwalbar ruwan nan mai sanyi da ake goge fata da shi kafin allura.

Ya durƙusa ya gaida Sanatu kamar kullum. Ta kasa haɗa ido da shi.

Na bi shi ɗakin ajiya na zauna a kan buhun ƙwarar kaɗe. Ya buɗe cikin injin ya leƙa. Ya daɗe yana leƙawa. Sannan ya fara ciro masu juyawar ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a kan farin ƙyalle, yana gogewa, yana ɗagawa wajen haske, yana sake gogewa. Lamnatu na miƙa masa auduga. Ko sau ɗaya yatsunsu ba su haɗu ba.

A nan na ga abin da ban so gani ba. Hannunsa na son injin. Yadda yake taɓa shi, haka ake taɓa ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Har na ji ya ce a hankali, "Kai, wanda ya ƙera ka ya iya." Da ya tuna da mu sai ya haɗe fuska.

Ana kiran la'asar ya rufe murfin. Ya sa sabon naɗin takarda. Ya ce wa Lamnatu, "Taɓa."

Ta taɓa kwamfutar.

Shiiii, tak. Shiiii, tak. Babu shaƙewa. Kamar numfashin yaron da zazzaɓi ya sake shi.

Takardar farko ta fito. Fusheini ya yanke ta ya riƙe. Itacen Wumbei ne, reshe da reshe, amma ganyensa kore shar kamar tsakiyar damina, shuɗin sama a bayansa, rana da lamba a ƙasa. Ban taɓa ganin takarda mai kyanta ba a duk akwatina.

Ko ɗigon fari ɗaya babu.

"Sun goge," in ji shi.

"Mai zanen ya ce datti ne a jikin tsohuwar takardar," in ji Lamnatu. "Na gani tun ranar farko. Na kasa faɗa maka." Ta nuna ganyen itacen. "Za ka iya mayar da su?"

"Da yatsa ɗaya. Ɗari ma in kina so, kafin ki ƙifta ido."

"To ka sa."

Ya ajiye takardar a kan tebur, ya shafa ta da gefen hannu.

"Shi ya sa ba zan sa ba."

Sai muka ji ƙwanƙwasar sanda a kan dandamali.

Wumbei ne tsaye a ƙofar ɗakin ajiya. Ya yi tuntuɓe a hanya, ƙura ta ɓata gwiwar wandonsa. Wani abu naɗe da tsohon ƙyalle yana ƙarƙashin hamatarsa. Sanatu na biye da shi tana murza hannu.

"Na farka ban ji motsinka ba," ya ce. "Na bi bango. Na tsaya bayan ɗakin Neindoo na saurara." Ya karkata kai wajen injin. "Mutum biyu ne a garin nan za su sa inji ya yi numfashi haka. Ɗayansu makaho ne."

Fusheini ya zube a ƙasa. "Mba."

"Aikin ya yi kyau. Ina jin sa."

"Mba, ka saurare ni."

"Lamnatu, kina ina?"

"Ga ni, Mba."

Ya miƙa ƙunshin wajen muryarta. Ta karɓa da hannu biyu ta buɗe. Katakon ne, ya yi baƙi-baƙi da tawadar shekaru.

"Tun bara nake shafa shi in ba kowa. Na ji ramukan da ba ni na yi su ba. Na ƙirga, na sake ƙirgawa wata na zagayowa. Makaho ne ni, ba wawa ba. Na yi shiru na ce in an ɗaura, da shi zan yi miki kyautar shiga gida." Ya gyara riƙon sandarsa. "Karɓi abinki, 'yata. Ba shi da sauran aiki a wajenmu."

"Mba, ni na je na kira shi. Ni ce mai laifi."

"Ke kin yi wa naki. Shi ma ya yi wa naki." Ya juya. "Sanatu, goron da muka kawo, ki ɗauka sadaka ce."

Sanatu ta durƙusa ta kama bakin rigarsa.

"Wumbei, don Allah. Rantsuwa ce, ana yi mata kaffara. Azumi uku ne, ni zan taya ka. Ni na ɓata, ni ya kamata in zo in gaya maka tun farko, kunya ce ta hana ni."

"Azumi uku zai goge rantsuwa," in ji shi. "Zai goge abin da kunnena ya ji a bayan bangon nan?"

Ya zare rigarsa a hankali ya kama hanya. Fusheini ya tashi ya bi shi. A bakin kwatar ƙofar gida ya kai hannu zai riƙe masa gwiwar hannu. Wumbei ya kaɗe shi, ya laluba da sanda, ya tsallaka shi kaɗai. Fusheini ya tsaya har uban ya yi taku uku, sannan ya bi bayansa. Bai waiwayo ba. Audugarsa da kwalbarsa ma a nan ya bar su.

Injin kuwa ba wanda ya tuna ya kashe shi. Shiiii, tak. Shiiii, tak. Takardu suka sauko daga tebur, suka bi ƙasa, suka nufi ƙofa kamar koren maciji.

Balchisu ce ta fara gani. Ta goge hannu a zane ta ɗaga naɗin sama.

"Ku zo ku gani! Wallahi har da shuɗin!"

Matan suka bar kwanoni suka taru. Mma Tipagya ta rangaɗa guɗa, wata ta karɓa, wata ta kama ƙwarya tana kaɗawa. Ba su ji abin da aka yi a ɗakin ajiya ba.

Sanatu ta ratsa su ta shige ɗakinta. Can na ji ƙarar kwanon goron Yamusa ana jawo shi daga ƙarƙashin gado.

Lamnatu tana zaune a ƙasa inda aka bar ta, katakon a cinyarta, tawada ta ɓata mata zane. Yatsanta na bin ramukan ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Na ce, "Matata." Ba ta ji ni ba. Ta kai ƙarshe ta koma farko.

Guɗar ta fito da maƙwabciyarmu Mma Ayishetu. Ta taka bokiti ta leƙo ta kan katanga, muciya a hannu, fuskarta cike da fara'a. Ta dubi matan, ta dube ni, ta hango Lamnatu ta ƙofa.

"Kai, masha Allah! An sa rana ke nan? To da wa, ɗan maɗaba'a ko mai mota?"